Ranar da Umma ta ce ba inda za mu

Shekarun baya, rikici ya tashe mu daga garinmu. An kashe mahaifina, an ƙone gidanmu, muka shigo Zariya a bayan babbar mota, ni da mahaifiyata da ƙannena mata biyu. Wata 'yar kasuwa Inyamura a Sabon Gari ta ba mu ɗakin ajiyar kaya a bayan shagonta. Nan muke kwana tsakanin kwalayen sabulu, da safe Umma ta soya ƙosai a bakin titi.

Tana fita takaba sai ga baffanmu, yayan mahaifina. Ko zama bai yi ba.

"Ki haɗa musu kayansu. 'Ya'yan ƙanena ba za su tashi a sito ba. Babbar ta zauna wurina, ƙananan a raba wa dangi."

Umma ta ce, "Yaya, da su na tsallako wuta. Ba inda za su."

Ya ce 'yar gudun hijira, ba gida ba miji, da wane baki za ta yi magana? Ya kai ta ƙara kotun shari'a.

Kowa ya ce ta haƙura. Mai shagon ce kaɗai ta ce, "Haƙurin me?" Ta sa mu a mota zuwa wurin 'yarta mai karatun lauya a jami'a, ita kuma ta kai mu ofishin wata malamarsu. Matar ta saurari Umma har ƙarshe, sannan ta ce, "Baiwar Allah, gida aka ƙone miki. Haƙƙinki na riƙon 'ya'yanki yana nan. Zan raka ki."

Ni kuwa kwana da kwanaki ina haddace jawabin da zan yi wa alƙali. Ranar zaman, sunana kawai ya tambaya na fashe da kuka, har da majina. Umma ce ta miƙe ta yi magana.

Alƙali ya tambayi baffa ko ya san ta da wani mugun hali.

"A'a, ranka ya daɗe. Amma ba ta da gida."

"Ita ta ƙone shi?"

Baffa ya ce a'a. Aka bar mu a hannun Umma, aka ce masa in ɗakin ne ya dame shi, ya taimaka ta samu wanda ya fi shi. Bai taimaka ba, ya kuma yi shekaru ba ya amsa gaisuwarta. Ita ko ba ta fasa gaishe shi ba, ba ta kuma taɓa ba shi haƙuri ba.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, dokar tana nan tun kafin mu iso Zariya, amma ba wanda ya faɗa mana. Shi ya sa duk macen da rikici ya koro, in mun haɗu, ba na tsayawa a jaje. Sai in tambaye ta wa ke neman ƙwace mata wani abu, sannan in ce ta ɗauko mayafinta mu tafi wurin lauya.