Motar da Tela Ta Yanka wa Direba

Shekara talatin da huɗu ta yi tana taka keken ɗinki a ɗan shagon da ke jikin gidansu, har sunanta ya ɓace, yaro da babba kowa Tela yake ce mata. Da gwiwa ta fara damunta, 'ya'yanta mata biyu suka haɗa baki suka ce ɗinki ya isa haka. Suka ja keken zuwa lungun ɗaki, suka lulluɓe shi da tsohon zanin gado. Wata uku Tela tana hutawa, hutun ya kusa kwantar da ita. Ta share tsakar gida ta sake sharewa, ta jera tukwane ta sake jerawa, ta nemi maigidanta da faɗa ya ƙi biye mata. Shi tsohon direban babbar mota ne, kowa Direba yake ce masa, idonsa ya yi rauni shekara biyar ke nan, haske da inuwa kawai yake bambancewa. Yana zaune bakin ƙofa da rediyonsa, ba ruwansa da kowa.

Ranar nan ƙafar kujerarta ta karye, sai ta ɗauke ta ta nufi shagon ƙanenta kafinta a ƙarshen layi. Ta same shi ya duƙufa kan wani sabon inji, gumi na zuba, yana ta ƙunƙuni.

"Auta, da wa kake faɗa?"

"Yaya, don Allah ki daina ce mini Auta a gaban mutane. Jikoki huɗu gare ni."

"To, Auta mai jikoki, mene ne wannan?"

Ya ce injin zarto ne na yanka mai lanƙwasa. Zarton siriri kamar tsinke, yana hawa yana sauka ta wata 'yar huda a tsakiyar faifan ƙarfe. Tun safe ya karya guda shida. Tela ta gyara tabarau ta tsaya tana kallo, har na bakwai ya ce ƙas.

"Wannan ai keke ne," in ji ta. "Allura ce aka yi wa haƙora. Kai turawa kake yi da ƙarfi. Ba a tura yadi, raka shi ake yi. Tashi ka gani."

Ya tashi yana dariya, ya sa sabon zarto. Ta ɗora tafukanta biyu kan guntun falanki, ta bi layin fensir a hankali, tana juya katakon yadda take juya wuyan riga. Da ta kai ƙarshe sai ga da'ira ta faɗo sumul. Auta ya ɗauka ya juya gaba, ya juya baya, dariyar ta ɗauke.

Shi ya nuna mata a waya abin da ake yi da injin. A zana hoto a kan falanki guda, a bi kowane layi a yanka har hoton ya rabu gunduwa-gunduwa. A goge bakin kowane yanki da samfefa ya yi gwangwaro-gwangwaro ba kaifi, a shafa wa kowanne nasa fentin, sannan a mayar da su mazauninsu a manne da gam a kan wani allo. Tela ta ce wannan ai haɗin riga ne, an dai canza yadi.

Kifi ta fara yi, yanki goma sha tara. Ta fente su tas ta shanya, da ta zo haɗawa sai suka ƙi sanin juna. Kwana biyu tana fama, ɓawon ciki ya koma baya, na baya ya rasa wurin zama. Auta ya yi dariya har ya zauna kan buɗaɗɗen gwangwanin fenti, ya wuni da jan wando. Daga ranar ta koyi rubuta lamba a bayan kowane yanki kafin ta raba su. Bayan kifi ta yi tsuntsu, ta yi buta, ta yi furanni. Mai aski ya rataye zakaranta a saman madubinsa, mai kemis ta ce ita ma sai an yi mata. Tela ta koma dawowa gida da garin katako a gira, tana 'yar waƙarta.

Wata yamma maƙwabciya ta shigo tana ta yabon wani sabon aiki da Tela ta kawo. Da matar ta fita, Direba ya rage muryar rediyo ya ce, "Ni dai sai labari nake sha."

Maganar ta soki Tela. Ta ɗora masa allon a cinya. Ya shafa, yatsunsa suka faɗa cikin 'yan kwaruruwan da ke tsakanin yanki da yanki, suka bi su har ƙarshe.

"Agwagwa ce," ya ce. "Ga bakin nan fatsa-fatsa. Har da 'ya'ya biyu a baya."

Ba wanda ya gaya masa. Washegari Tela ta zaƙulo wani tsohon hoto daga ƙasan akwati, shi yana saurayi ya jingina da motar da ya ja shekara ashirin. Ta kai shago ta zana motar, yanki sittin da ɗaya. Mako uku tana kai. Tayoyi da fitilu ta sa musu siririn katako a ƙasa don su taso su tari hannu. Auta ya taya ta guga. Da ya ga tana haɗa fenti kore tana ƙara fari tana sakewa, sai ya ce, "Yaya, wanda ba zai gani ba kike wa wannan wahala?"

"Ba zai gani ba, amma zai tambaya."

Ranar da aka kawo, 'ya'yan sun zo, Auta ma ya rufe shago ya biyo. Aka ɗora wa Direba allon. Ya fara daga taya, ya hau ƙofa, ya shafa gilashi, ya tsaya kan madubin gefe. 

"'Yar Gata ce," ya ce a hankali. "Tela, 'Yar Gata kika dawo mini da ita. Wane launi kika sa mata?"

"Kore mai haske, da ratsin rawaya a ƙofa."

"Haka take." Ya goge ido da bakin hannun riga, ya koma shafawa. Can sai ya ɗaure fuska. "Amma bambar nan ta gaban motar ta cika miƙewa. Tawa a lanƙwashe take ta hagu, tun ran da na kauce wa saniya. Kuma bakin ƙofar nan da kaushi. Wa ya goga?"

"Ni ne," in ji Auta.

"Ai na sani. Kafinta shekara talatin, guga ta gagare shi."

Gida ya kaure da dariya, har maƙwabta suka leƙo. Tela ta sa wuƙa ta ɓamɓare bambar nan take. Da safe ta riƙe hannun mijinta suka tafi shago tare, ta yanka wata mai lanƙwasa, shi ya goge ta da kansa.

Tun daga nan aikin ya zama na mutum biyu. Auta ya ƙera wa Direba benci a gefen taga. Tela na yanka, Direba na guga, kuma duk yankin da bai gamsar da yatsunsa ba ba ya zuwa wurin fenti, ko mai shi na tsaye yana jira. Likitan ido da ke duba shi ya ji labari, ya ce a yi wa ɗakin jiran marasa lafiyarsa manyan alluna huɗu, a kafa su ƙasa-ƙasa inda hannu zai kai. Sun gama biyu. Na uku jirgin ƙasa ne, kuma yau kwana huɗu ke nan suna musu kan yawan taragun da allon zai ɗauka.