Ruwan Zafi a Kan Kuncin da Ba Ya Ji

Ban jin zan taɓa mantawa da safiyar da Dakta ya aike ni gidan Hajiya Falmata ba. Ba sunanta na gaskiya ke nan ba, kuma sai da na nemi izininta kafin na fara ba wa sababbin ma'aikata wannan labari. Lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Haɗeja. Digiri ne da ni, amma a tsarin wurin ni ce ƙarama: akwai Dakta, akwai Metiron da ke shugabantar masu jinya, sannan mu. Cikin aikina har da zuwa gidaje wankin ciwo, wato a buɗe bandeji, a duba, a wanke, a sake rufewa.

Abin da Dakta ya faɗa min kaɗan ne. Ya ce matar ta bugo waya, wai an yi mata aikin haƙori a ƙasar waje, kumatunta sun kumbura, ba ta son fitowa. "Ki je ki duba, Sista. In kin ga abin da ba ki gane ba, ki kira ni."

Damina ce, kogi ya cika, ruwa ya kwanta a wasu lunguna. Mai adaidaita ya sauke ni a bakin layi, na ƙarasa da ƙafa. Hajiya Falmata sananniyar 'yar kasuwa ce, tana sarin shinkafa da bandar kifi, asalin iyayenta daga wajen Tafkin Chadi. Na same ta a uwar ɗaka, ta ɗaura kallabi ta sauko da shi har ya rufe kunnuwa, ta ɗaure a ƙarƙashin haɓa. Kumatun ne kawai a waje, kuma su na fara gani. Sun yi ja, sun ɗuri ruwa ɓoro-ɓoro kamar ƙuna. Iya sanina, aikin haƙori ba ya yin haka.

Ta ce in tura ƙofa. Sannan ta kwance kallabin.

Ban san lokacin da na yi salati da ƙarfi ba. Ɗinki ne ya taso daga cikin gashin gefen goshi, ya bi ta gaban kunne, ya zagaya bayansa. Na leƙa ɗaya gefen, haka. A gaban kunnen hagu kuma fatar ta yi duhu, kamar naman da ya kwana. Abin da ya fara zo min shi ne wani ya sa mata wuƙa.

"Hajiya, wa ya yi miki wannan?"

"Rage murya, 'yar nan. Babu wanda ya yi min. Ni na kai kaina."

Ta yi min bayani a gurguje. Tun da ciwon suga ya zabge ta, fatar fuskarta ta saki. "Kowa ya gan ni a kasuwa sai ya ce, sannu Hajiya, ya jiki? Ina lafiyata ƙalau. Na gaji da sannu." Da ta je sarin kaya waje, sai ta sa aka yi mata aikin ɗage fatar fuska: a yanka ta gefen kunne, a ɗaga fatar, a ja ta, a yanke rarar, a ɗinke. A makaranta sau ɗaya aka ambata mana shi, ina jin ma a ƙarshen darasi. Ban taɓa zaton zan gan shi a Haɗeja ba. A gidan kuwa babu wanda ya sani, kowa haƙori ya sani.

Ɗinkin na fahimta. Ƙunar ce ban gane ba. Ina shirin tambaya sai aka turo ƙofa, Hajiya ta yi wuf ta mayar da kallabi. Wata tsohuwa ce ta shigo da baho yana tururi, ganyen maina, wato dogon yaro, na yawo a ciki, tawul a kafaɗarta. Gwaggo Yagana ke nan, yayar mahaifin Hajiya, wadda ta taso daga wani ƙauye kusa da Baturiya don ta yi jinyar 'yarta.

"Ke ce malamar asibitin? To matsa in gasa mata, ruwan zai huce."

Ta tsoma tawul da hannunta ta matse, ko a jikinta. Ni daga inda nake tsaye tururin na dukan fuskata.

Na ce, "Gwaggo, da wannan kike gasa mata?"

"Safe da yamma. Ai Falmata jaruma ce, tun tana ƙarama. Ko ƙifta ido ba ta yi. 'Yan yanzu kuwa kana kai tawul su fara ihu."

Nan na gane. Bayan irin wannan aiki, fatar kunci takan yi makonni ba ta ji, saboda an taɓa ƙananan jijiyoyinta. Ba dauriya Hajiya take yi ba. Ba ta jin komai ne. Ga shi fatar da aka ɗaga da ƙyar jini yake isarta, musamman kusa da kunne. In aka ci gaba da ƙona ta, mutuwa za ta yi, ta zube, ta bar rami.

Na juya na tambayi Hajiya a hankali ko likitan can bai hana ta gashi ba. Ta ce a'a, shi ma ya ce a yi. Wani ɗalibi Bahaushe ne ya yi mata tafinta, ya ce likita ya ce a riƙa gasa wurin. Ban ji abin da likitan ya faɗa da kunnena ba, don haka ba zan rantse ba. Amma ina kyautata zaton tsumma mai sanyi ya ce a ɗora. Mu kuwa a bakinmu, duk tsumman da za a danna a kan kumburi, gashi ne. Gashi kuma da ruwan zafi ake yi.

Na tsaya tsakanin tsohuwa da gado. "Gwaggo, don Allah a dakata da gashin nan."

"Ikon Allah. Haihuwa nawa kika yi?"

"Ban yi ba tukuna."

"To ni matan da na yi wa wankan jego sun fi gashin kanki yawa. Kumburi in ba a gasa shi ba, ruwa zai tara. Matsa."

"Wannan kumburin daban ne."

"Daban da me? Ba haƙori ba ne?"

Dokar aikinmu ta hana ni faɗin sirrin mara lafiya, ko ga mijinta, balle gwaggonta. Na kira Dakta a gabansu, na ce masa da Turanci ƙuna ce a kan fatar da aka yi wa aiki, kuma wani wuri ya fara baƙi. Ya ce kada in fasa ƙurajen, in rufe da bandeji mai man da ba ya manne wa ciwo, a kawo ta yanzu. Gwaggo ta ce a kai ta, ba ta hana ba, amma sai ta gama gashin safe. Ta sake tsoma tawul.

Na dubi Hajiya. Na ce, "Hajiya, ni ba zan faɗa ba. Amma in tawul ɗin nan ya sake sauka, ba na jin fatar za ta tashi."

Hajiya ta dubi bahon. Sai ta kai hannu ta kwance kallabin da kanta.

Tawul ya faɗi ƙasa. Gwaggo ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Falmata, wa ya yanka ki?"

"Ni na ce a yi, Gwaggo. Gyaran fuska ne. Kuma wallahi tun da kike gasawa ban taɓa jin zafi ba."

Na ɗauka faɗa za ta yi. Ba ta yi ba. Ta ɗaga hannuwanta tana kallonsu, ta ce, "Ashe dafa ki nake yi, ina yabonki."

A ranar Dakta ya tura ta Kano wurin ƙwararren likitan gyaran fata, Gwaggo a gefenta cikin mota. An ceto mafi yawan fatar. Wuri kamar faɗin babban yatsa a gaban kunnen hagu bai tashi ba, ya bar tabo har yau. Sauran ya warke a hankali, kumburi ya sauka, jin fatar ya dawo bayan watanni. Ni na ci gaba da wankin ciwon, kuma duk zuwan da na yi, Gwaggo na bakin ƙofa tana korar masu kawo magani.

Abin da na koya, in na iya faɗa daidai, shi ne mutanenmu ba sa barin kumburi haka nan. Kafin a kira mu, wani mai ƙauna ya riga ya yi wani abu. Don haka nake ce wa sababbin ma'aikata, ku tambaya: me aka yi a gida, da me aka yi, wa ya yi? In za ku ce a ɗora tsumma, ku ce mai sanyi, ku sa a maimaita muku. Kuma idan aka nuna muku mara lafiya ana cewa jaruma ce, ba ta ko motsi, kada ku taya yabo. Ku taɓa wurin, ku tambaye ta ko ta ji.