Ranar da Aka Ce In Ɓuya

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na kuma mance su, amma akwai wani yinin damina guda da na san har in koma ga Mahaliccina ba zai bar zuciyata ba. Shekaru sun ja, furfura ta fara fito mini, amma ko yau hadari ya taso daga gabas sai yinin nan ya dawo mini sabo.

A lokacin muna zaune a unguwar Madabo, a wani tsohon gidan ƙasa da maigidana ya gada, can cikin lungun da mota ba ta shiga. Shi yana sana'ar fata a Kasuwar Kurmi, ni kuma ina ɗinkin hula a gida. Allah bai ba mu haihuwa ba. Ƙanwata da muke ciki ɗaya ta rasu wajen haihuwar 'yarta ta fari, ranar suna dangi suka miƙo mini jaririyar. Uban da bakinsa ya ce, "Yaya, ga amana nan, ke ce uwarta." Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka ban taɓa kiran ta da komai ba sai Mamana. Ita kuma da bakinta ya buɗe, Inna ta ce da ni.

Ta kai shekara huɗu tana da ƙiriniya kamar me, ga shi ƙirjinta ba ya son sanyi. Ruwa kaɗan zai taɓa ta, sai mu kwana uku muna fama da tari. A gidanmu kuwa in aka yi ruwa mai ƙarfi tsakar gida cika take yi, kwatar lungu ta tumbatso har bakin zaure. Dole in tsare ta a ɗaki, tsare irin wannan yarinya kuwa aiki ne. Da farko kuka take yi tana dukan ƙofa. Daga baya na gane dabara. Da zarar iska ta fara kaɗawa sai in ajiye allura in jawo wata tsohuwar jaka da nake tara tarkace: murafen lemo, kwalayen ashana, guntayen zare masu launi. Mu buɗe kanti a kan tabarma, ita ce mai kanti, ni ce mai sayayyar da ba ta jin ciniki. Wani lokaci in kwaɓa fulawa da gishiri mu gina shanu da tukwane. In ta gaji in ɗaura zani tsakanin kujeru biyu ya zama jirginmu na zuwa Makka, tana tuƙi da murfin tukunya. Inda rufin yake yoyo ma mun mai da shi wasa, mu jera kwanuka muna sauraren wanda ya fi zaƙin murya.

Amma duk a ciki ba abin da take so kamar 'yar ɓuya. Ta rufe ido da tafin hannu ta ce, "Inna, in zo?" In ce, "Tukuna!" Sai na shige bayan sif a uwar ɗaka sannan in ce, "Zo!" Kullum nan nake ɓuya, kullum kuma in ta gano ni sai ta yi ihun murna kamar ba ta taɓa gani ba. Har ta kai yarinyar nan in ta ga gari ya yi duhu rawa take yi.

Ranar da abin ya faru, da hantsi uban ya yi sallama. Ya daɗe da komawa wani gari da aiki, ya kuma yi aure, sai dai yakan leƙo lokaci-lokaci. Wannan karon tare yake da yayarsa, wata babbar mace mai sanyin baki da muke kira Hajiya. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa da fura. Ba su gama sha ba aka kece da ruwa.

Sai da muka gama gaisawa sannan ya gyara zama ya ce, "Yaya, dama zuwa muka yi mu tafi da yarinyar nan. Lokacin sa ta makaranta ya yi."

Na ce, "Malam, ai akwai makaranta a nan, har na yi magana da malamar. Kuma ko tafiyar ce, ai ba haka ake yi ba. Ka bari maigidan ya dawo a zauna, a ba ni ko mako biyu in saba mata da maganar."

Ya buɗe baki zai yi magana, Hajiya ta dafa shi. "Gaskiyarta ne," in ji ta. "Wanda ya raini yaro ai ba a yi masa haka. Mu jira maigidan, ga ruwa ma ya tsare mu." Wallahi a lokacin har addu'a na yi mata a zuciyata. Yanzu in na tuna yadda ta faɗi maganar tana murmushi, sai in rasa wane irin mutum ne yake iya haka.

Mamana ba ta san abin da ake ciki ba. Ita dai ta ga ruwa, ta jawo jakarmu ta zazzage a gaban baƙi. Ta sayar wa ubanta da kwalin ashana, ta sa Hajiya ta shiga jirgi da ƙyar tana dariya. Ni kuwa ina kwaɓa mata fulawa ina satar kallon ta, ina tsara abin da zan gaya wa maigidana in ya shigo. Can ta ce, "Inna, ɓuya!"

Na ce, "Yau muna da baƙi, Mamana, a bari sai gobe."

Hajiya ta ce, "Haba, ki yi mata mana. Je ki ɓuya, mu za mu taya ta nema. Amma yarinyar nan na ga idonta da wayo, leƙe za ta yi. Babanta, ɗauke ta ka kai ta zaure ta rufe ido a can." Ya lulluɓe ta da babbar rigarsa ya ɗauki lema, tana ta ƙyalƙyala dariya. Daga bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Inna, ki ɓuya sosai!"

Na shige bayan sif. Ruwa yana dukan kwanon rufi, ba ka jin komai sai shi. Na tsaya ina jiran in ji "In zo?" Da na ji shiru sai na ce ƙarar ruwa ce ta danne muryarta, na ɗaga murya na ce, "Zo!" Na ƙara faɗa. Ina tsaye a wurin nan, mace da girmana, kafaɗata a manne da bango mai sanyi, har murmushi nake yi don kada ta same ni da ɓacin rai a fuska. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Abin da na sani shi ne ƙafata ta fara sagewa kafin in fara zargin wani abu.

Na fito, falo ba kowa. Na ratsa tsakar gida, zaure ba kowa, ƙofa a buɗe. Ban tsaya neman mayafi ba, na faɗa lungu ruwa har gwiwa, ina kiran ta ina tuntuɓe. Kafin in kai bakin titi, inda suka ajiye motarsu, ba mota ba alamarta. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai da ta fake a wata rumfa ta riƙo ni ta ce, "Lafiya? Yanzun nan na ga babanta ya wuce da ita a kafaɗa, matar tana bin su da sauri. Ni na zaci da saninki ne. Yarinyar hannunta a kan ido, sai cewa take yi, Inna in zo, Inna in zo."

A nan na zauna cikin ruwan.

Maigidana ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya tara manya, aka kira uban a waya, ya ce shi bai yi laifi ba, 'yarsa ya ɗauka, kuma ya yi haka ne don a guje wa koke-koke. Manyan suka ce hanyar ba ta yi kyau ba, amma ɗa na ubansa ne, in yi haƙuri. Ni ban taɓa musun cewa 'yarsa ce ba. Kayanta ma da na haɗa na aika, da maganin tarinta, ban ji ko sun isa ba. Na nemi a haɗa ni da ita a waya, kullum sai a ce tana barci, ko a ce in ta ji muryata rikicewa za ta yi. A hankali aka daina ɗauka.

Ban sake sa ta a ido ba sai da ta zama budurwa, a gidan wata ta'aziyya a Dukawuya. Wata 'yar uwarmu ta jawo hannunta ta ce, "Zo ki gai da Innarki, ita ta raine ki." Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa kowace tsohuwa. Kamar ƙanwata ce ta dawo duniya. Na riƙe hannunta na ce, "Mamana, kin gane ni?"

Ta ce, "Ina tuna wani abu kaɗan. Ke ce kika ɓuya kika ƙi fitowa. Na yi ta kira. An ce mini gajiya kika yi da ni."

Na ce, "Wallahi ina nan ina jiran ki." Ta ce, "Ba komai, ya wuce," ta zare hannunta a hankali ta koma cikin ƙawayenta. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, da ma da rashin kunya ne da ya fi mini sauƙi.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, yaro ƙarami ba shi da inda yake sakin jiki ya yarda da babba ɗari bisa ɗari kamar cikin wasa, kuma wanda ya yaudare shi ta nan ya cuce shi cutar da ba ta gyaruwa. In rabuwa ta zama dole, a gaya wa yaro gaskiya, a bar shi ya yi kukansa a jikin wanda ya saba da shi, ya ga an ɗaga masa hannu. Kukan yini ɗaya suka guje wa, suka bar yarinya ta girma tana ganin uwar da ta raine ta gudun ta ta yi.