Jirgin Gadon Malam

Ni ’yar Birnin Kebbi ce, a gidan malamai na tashi, ruwan da na sani duk bai wuce na buta da na randa ba. Mijina kuwa ɗan Sarkawan Argungu ne, masu kamun kifi tun kaka da kakanni. Aikin gwamnati ya raba shi da gulbi ya zaunar da mu a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi shekara da shekaru, amma bai taɓa bari an manta cewa jirgin da mahaifinsa ya bari nasa ne ba. Tsohon kwale-kwale ne baƙi, duk an lilliƙe shi da tsumma da kwalta, yana ɗaure a bakin ruwa can Argungu.

Shekarar da ya yi ritaya ciwo ya taɓa masa ɓarin hagu. Ya tashi, alhamdu lillahi, sai dai hannun bai dawo daidai ba. Ko kofin shayi ya ɗauka sai ya riƙa rawa. Da damina ta yi nisa gulbi ya cika ya shanye fadama, gonarmu ta shinkafa da ke wajen Gulma ta nutse, kawunan shinkafar kaɗai ke leƙowa. A irin wannan shekara daga cikin jirgi ake yanka, a sunkuya a kamo kan a datse. Sai ga ƙanensa har gida, cikin ladabi dai, ya ce tunda yaya ba ya iya tuƙi a sakar masa jirgin, kada ya ruɓe a ɗaure. Dangi ma sun bi bayansa. A wurinsu jirgi na wanda zai iya tsayawa a bayansa da gora ne, ya fita da shi ya dawo da shi mutane na gani.

Da baƙon ya tafi, Malam mijina ya juyo wurina.

“Gobe mu tahi Argungu, mu ɗauki jirgi mu yanko shinkahwarmu.”

“Mu wa?”

“Ni da ke.”

Na ce ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Bai yi dariya ba. Ya ce in ya ɗauki namiji, ko wane ne, za a ce shi ya tuƙa. Mace kuwa ba wanda zai lissafa da ita, balle ni da ban san kan jirgi daga gindinsa ba. Maganar ta ɓata mani rai, amma gaskiya ce, don haka na ɗaura zanena na bi shi.

Dabararsa ita ce iska. Ya sa an ɗinke masa buhunan taki sun zama shimfiɗa guda, wadda zai ɗaura a kan sanda a tsakiyar jirgi. Wai zuwa ruwa zai gangara da mu, dawowa kuma iskar damina za ta turo mu, shi nasa kawai ya riƙe kan jirgin. Zuwan dai haka ya kasance. Muka bi gefen gulbi a hankali, yana nuna mani inda suka yi iyo suna yara, da tsamiyar da mahaifinsa ke shanya taru a ƙarƙashinta. Ni kuwa ina tsakiya a duƙe da ƙoƙo ina kwashe ruwan da ke tsatsowa, aikin mace ke nan a jirgi. Ban ga kyan komai ba. Ƙuguna kawai nake ji.

Yankan ya fi abin da na zata wahala. Ka miƙa hannu jirgi ya karkata, ka janye shinkafar ta kuɓuce. Matsattsaku suka maƙale mani a tsintsiyar hannu, sauro kuma bai san rana ta yi ba. Muka tara abin da muka iya, jiƙaƙƙe mai nauyi, har bakin jirgin ya kusa taɓa ruwa. Muka yi azahar a zaune.

Da muka juya ya ɗaga buhunansa, suka kumbura, jirgi ya fara tafiya da kansa. Har na ji yana ɗan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa, abin da rabona da ji tun kafin ciwon. Ba mu yi nisa ba iskar ta ɗauke ɗif. Buhunan suka sauko suka rataye kamar wankin da bai bushe ba, ruwa ya fara mayar da mu inda muka fito.

Ya miƙe ya ɗauki gora. Ya kafa, ya tura, muka motsa. Ya sake. A na gaba hannun hagu ya zame, jirgi ya juya gicciye, shi kuma ya zube a kan shinkafa yana haki, leɓensa ya yi fari. Na tsorata ƙwarai. Bayan tsoron kuma haushi ya zo, na faɗa masa maganganu da dama, har da cewa katako ruɓaɓɓe bai kai a mayar da ni gwauruwa a kansa ba. Da na gaji da faɗan na ga ba wanda zai zo, sai na ɗauki gorar.

Karon farko ta kafe a laka ta kusa fizge ni cikin ruwa.

“Kak ki kahe ta nesa,” in ji shi daga zaune. “Kusa da jirgi. Ki bi gehe, wurin haki, nan ruwa ba shi da zurhi.”

Haka muka riƙa jan jiki ta gefen ciyawar, ni ina turawa shi yana faɗa mani inda zan sa. Tafin hannuna ya yi ƙuna, ya kumbura, ya fashe. Can na waiga na ga ya ɗauki ƙoƙon da hannun dama yana kwashe ruwa, kansa a sunkuye. Wannan ya fi hannun yi mani zafi, na kawar da kai na ci gaba.

La’asar ta wuce sa’ad da muka fara jin muryoyin maza a mashigin Argungu. Kwanar gulbi ɗaya ta rage mu ɓullo, dogon hakin bakin ruwa ya kare mu.

“Hajiya, tsaya. Ba ni gorag ga.”

“Malam, hwaɗuwa za ka yi.”

“In na hwaɗi, na hwaɗi. Ba ni.”

Na so in hana. Wallahi na gaji da jirgin, da dangin, da shi kansa. Duk da haka na miƙa masa. Ya tashi da ƙyar, ni kuma na zauna a gindin ƙafafunsa bayan tulin shinkafa, na jingina bayana da ƙwaurinsa, na kama idon sawunsa na hagu na riƙe gam a ƙarƙashin mayafi. Ina jin yadda ƙafar ke karkarwa duk sanda ya tura. Muka fito fili, ya tura, ya sake turawa, har kan jirgin ya daki yashi.

“A’a, yaya! Ashe da sauranka!” in ji ƙanen, yana shigowa ruwa don ya kama igiya. Maza suka yi ta sannu da hanya. Malam ya jingina da gorar yana amsawa da ka, don ba shi da numfashin magana.

Faccalata, matar ƙanen, ita ta miƙo hannu ta fito da ni. Ta kama tafina na ƙi yin ƙara, amma ta ji. Ta buɗe shi ta duba. ’Yar Sarkawa ce, ta san abin da ke yi wa hannu haka. Ta dubi gorar, ta dubi mijina, ta dubi nata mijin.

“Kai, yaya,” ta ce mani da ƙarfi yadda kowa zai ji, “lauje ya ci maki hannu.”

Ta jawo bakin mayafina ta rufe shi, ta riƙe ni muka hau tudu.