Mushe Labo da Sikelin Wake

Kowace safiya, kafin a buga ƙarfen shiga aji, za ka tarar da Mushe Labo, kamar yadda muke kiran malamin boko, a bayan lakwal, wato makarantar unguwarmu a Illela, ya naɗe ƙafar wando, yana bin yashi da manjagara. Filin kokawar yara ne. Ba wani fili ne na a zo a gani ba: ƴan amalanken yashi ne ya roƙa aka zubo masa daga ƙorama, aka kewaye da tsofaffin buhuna cike da ƙasa. Awaki suna kwana a ciki, iska tana kawo ƙarangiya, masu wucewa suna yar da fasasshiyar kwalba. Shi kuwa sai ya tsince su tas, ya durƙusa ya shafa wurin da tafin hannu, don ya ce manjagara ba ta jin ƙaya, fata ce ke ji. Sannan ya wanke hannu da buta, ya ɗauki allinsa ya shiga aji. Masu kai hura kasuwa sun saba ganinsa haka tun ni kaina ina ƴar lakwal. Bana, 2008, ya ajiye alli. Shi ya sa na ce sai na rubuta abin da na gani, tun mutumin yana raye yana ji.

Ɗana na fari ne ya haɗa ni da shi. Ba zan kama sunansa ba, kun san yadda muke da ɗan fari. A gida Ɗanlami ake ce masa, don ranar Alhamis na haife shi, a makon ƙarshe na Disamba 1996, a gidan likita, gaban ungozoma. Aka ba mu takardar haihuwa ta gaskiya, na naɗe ta a leda na ajiye ƙasan kwalla ina jin na yi wa ɗana gata.

Ga yadda abin yake. A gasar kokawa tsakanin lakwal-lakwal, da shekarar haihuwa ake raba yara. A lokacin, ƴan 1995 da 1996 rukuni guda ne, ƴan 1997 da 1998 kuma na ƙasa da su. Ɗanlami ya shiga na sama da ƴan kwanaki kawai, shi ne autan rukunin. Wannan kaɗai ya isa, don duk uwa ta san abin da shekara biyu ke nufi a jikin yaro. Amma akwai matsala ta biyu. Yawancin yaranmu a gida aka haife su. Sai za a sa su lakwal ake nema musu takarda wurin alƙali, a tambayi uba shekara, shi kuma ya tuna da damina ko azumi, ko ya rage kaɗan don kada a ce yaro ya wuce shiga aji ɗaya. Sai a rubuta shekarar, a sa ɗaya ga Janairu. Je ka kowane aji ka tambaya, rabin yaran rana guda aka haife su. Ba wanda ya yi haka don kokawa. Don karatu aka yi. Amma takardar nan ita ake kaiwa fili.

Ɗanlami yana son kokawa kamar me. In ana gasar kokawa ta takobin ƙasa, kunnensa na manne da rediyon babansa. Ƙannensa da turmi da ɗan akuya, duk sun sha kamu. Yana da shekara tara ya shiga wurin Mushe Labo. Watan farko yana dawowa da surutu. Daga baya ya koma dawowa shiru. Rannan aka kawo mini shi a goye, kafaɗa ta goce. Wani yaro Sanusi, wanda iyayensa suka taso daga wajen Dogarawa, shi ya ɗaga shi sama ya buga da ƙasa a gwajin da ake yi don zaɓen masu zuwa gasa. A takarda sa'o'in juna ne. A ido kuwa, muryar Sanusi har ta soma fashewa.

Mai ɗori ya gyara kafaɗar. Abin da bai gyara ba shi ne yaron da ya daina bin hanyar bayan lakwal, yana zagayawa ta bakin tasha don kada ya ga yashi. Ya ce mini shi rago ne, kowa ya sani. Ɗan shekara tara ya yanke wa kansa hukunci ya gama.

Babansa, da ke tuƙa motar haya a hanyar Konni, ya ce a bar shi, kaye ke sa ƙashi ƙwari. Surukata ta ce in ma za a yi magana, baffan yaron ya je, uwar ɗan fari ba ta tsayawa gaban maza tana tambayar lafiyarsa, abin kunya ne. Na ba ta girmanta. Da safe na yafa mayafi na tafi wurin Mushe Labo.

Na je ne da shawarar da mata suka ba ni a bakin famfo. Kowa yana yi, suka ce: a ce takardar ta ɓace, a nemi sabuwa, a matsar da haihuwar zuwa Janairu 1997. Kwana nawa ne tsakani? Sai ya koma babba a rukunin ƙasa. Na roƙi Mushe Labo ya nuna mini hanya. Ya saurare ni har na gama. Kafin ya ce komai a kan roƙona, sai da ya ba ni haƙuri. Ya ce a gabansa abin ya faru, ya ga bambancin jikin da idonsa amma ya bi takarda, don haka nauyin kafaɗar nan a wuyansa yake. Sannan ya ce:

"Ɗiyata, in kin maida shi ƙasa, can ma akwai wani Sanusi shina jiransa. In kuma babu, to naki ne za ya zama Sanusin ɗan wata. Bar takardarki yadda take. Ki ba ni lokaci."

Na fito ina jin haushinsa. Na zaci irin maganar ma'aikata ce, ka tafi ka dawo.

Ranar kasuwa ta gaba aka gan shi a rumfar masu wake yana magana da wani ɗan kasuwa. Da la'asar sai ga shi da sikeli mai ƙugiya, irin wanda ake rataya buhu. Ya ɗaure shi a reshen bishiyar dogon yaron da ke bakin fili, ya saƙala igiya a ƙugiyar. Kowane yaro ya kama igiya ya naɗe ƙafafu, allura ta juya, a faɗi nauyinsa. Yara suka mai da abin wasa. Mai ƙiba ya zama buhun wake, siriri ya zama buhun ƙaiƙayi, wani da ya cika aljihu da duwatsu don a sa shi cikin manya aka raɗa masa Mai Algus, har yau sunan bai sake shi ba. Daga ranar, a filin Mushe Labo yaro ba ya kama kowa sai wanda allura ta tsaya kusa da tasa. Wanda kuma murya ta fashe ko gashin baki ya soma tsiro, yana da nasa rukunin, ko da siriri ne.

Dattawan da ke zama gefen fili ba su ji daɗi ba. Suka ce tun kakanni kokawa ba ta san awo ba, daɗinta ma ƙarami ya kada babba. Ya ce musu gaskiya ne, shi ma ya yi rawa a ranar da ya ga haka, amma waɗancan maza ne da ƙashinsu ya gama ƙwari, kuma da ƙafarsu suka shiga. Suka ce ya mai da ƴaƴan mutane kayan kasuwa. Ya yi dariya ya ce wake ma da ake aunawa, don ana ganin darajarsa ne.

Inda na san mutumin da gaske yake shi ne gasar Konni ta wannan shekarar. Can takarda ce doka, kuma takardar Sanusi ta ba shi damar shiga rukuninsu Ɗanlami. Kowa ya san in ya shiga, kofin namu ne. Lakwal ɗinmu ba ta taɓa ɗauka ba. Mushe Labo ya rubuta sunansa a rukunin da ke sama, cikin waɗanda suka yi daidai da jikinsa. Aka kada Sanusi a zagaye na biyu. Muka dawo hannu wofi.

Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. A taron iyaye aka ce tsufa ya kama shi. Wani ya ce sauran lakwal duk da manyansu suka zo, shi kaɗai ne waliyyi? Hawa'u, mahaifiyar Sanusi, ta tare shi a hanya ta ce ya tozarta ɗanta, ya sa ana ce masa ɓarawon shekaru. Ita ce da bakinta ta ba ni labarin abin da ya yi. Washegari ya zo gidansu ya zauna a zaure da maigidanta, ya sa aka kira yaron. Ya ce masa ba shi Sanusi ne ya rubuta takardar ba, ba shi da laifin ko kwana ɗaya da ke cikinta, kuma duk wanda ya sake kiransa ɓarawo zai gamu da shi. Sannan ya tambaye shi, tun da yake kada ƙananan nan, wace dabara ya koya? Sanusi ya sunkuyar da kai. Mushe ya ce ƙarfi kawai yake sha, ranar da sa'o'insa na gaskiya suka kamo shi ba zai sami abin kare kansa ba, gara ya sha kaye yanzu ya koya. Hawa'u ta ce daga bayan zana take ji, ta rasa ta yi fushi ko ta yi godiya. Ta aika masa da hura.

Mushe Labo, kai ne ka ga yara biyu a inda ni uwa na ga ɗaya. Na zo maka da ɗana a zuciya, ina yi wa ɗan Hawa'u kallon maƙiyi. Kai ka nuna mini takarda ɗaya ce ta cuci su duka, ta hana nawa jin daɗin ƙanƙantarsa, ta hana nata koyon girmansa. Labo na yara, mai raba faɗa tun ba a soma ba.

Bai tsaya a lakwal ɗinmu ba. Duk ranar da babu aji, sai ya ɗaure sikelin a bayan tsohon babur ɗinsa ya kama hanya. Babansu Ɗanlami ya sha wuce shi a hanyar Malbaza yana tura babur, ƙaya ta huda taya. Ya je Dogarawa, ya je Bazaga, yana zama da malamai ƴan uwansa. Wasu suka ce sun daɗe da damuwar, ba su san ta inda za su ɓullo ba ne. Wasu suka ce sai doka ta sauko daga sama. Ya ce a bar wa doka gasarta, su kuma su riƙa haɗa yaransu wasan zumunci da awo. Damina biyu ya yi yana wannan zirga-zirga kafin lakwal kaɗan su yarda.

Shi kuwa Ɗanlami, Mushe bai taɓa ce masa ya dawo ba. Abin da ya yi, ya riƙa aiko yara tsaransa a jiki su biyo masa in za su fili. Ya ƙi, ya ƙi, rannan ya bi su, wai kallo kawai zai yi. Aka ja shi ya hau sikeli don dariya. Allura ta tsaya daidai inda ta wasu huɗu ta tsaya, a cikinsu har da wanda ya taɓa kayarwa a wasan unguwa. Ya dawo gida yana faɗa mini lambar kamar an ba shi sarauta.

Bara aka yi wasan zumuncin farko a filinmu. Na tsaya can bayan katanga da goyo, inda surukata ba za ta ji labari ba, ko da yake ta ji. Aka haɗa shi da wani yaro daga Bazaga, kai ɗaya, kafaɗa ɗaya. Suka kama juna suka daɗe, ganga tana tashi, yashi yana tashi, ba wanda ya iya ɗaga wani. Can yaron Bazaga ya sa masa taɗiya, Ɗanlami ya kai gwiwa da hannu ƙasa. An kada shi. Ina jira in ga ko zai sake bin hanyar tasha. Sai ya miƙe, ya kakkaɓe jiki, ya hango ni, ya rugo.

"Inna, kin gani? Ni na ba shi ƙafa. Na san inda na yi kuskure. In an sake, ba ya samu."

Duk kayen da ya sha a baya, bai taɓa sanin inda ya yi kuskure ba, don babu kuskuren. An fi shi shekaru ne kawai, kuma wannan ba abin da yaro zai gyara ba ne. Ranar ya sha kaye irin wanda ake gyarawa. Bana ya kada yaron Bazaga, yaron kuma ya yi alkawarin ramawa.

Mun gode, Mushe. Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa naka jikokin su faɗa hannun mai tausayi irinka. Kofi bai shigo lakwal ɗinmu a zamaninka ba, kuma na san akwai ranakun da maganar mutane ta yi maka ciwo. Amma tun daga kafaɗar ɗana, ba a sake goya yaro daga filinka zuwa wurin mai ɗori ba.

Sauran magana tamu ce. Gasar hukuma har yanzu da takarda ake yi, kuma wanda zai gaji Mushe Labo zai zo da ƙuruciya da son kofi, mutane kuma za su zuga shi. Malamai, in an kawo muku yara biyu, ku dubi jikinsu kafin ku dubi shekarar da aka rubuta. Iyaye maza, ku daina cewa kaye ke sa ƙashi ƙwari alhali ba ku je kun ga wa ke kada wa ba. Mata ƴan uwana, duk mai ciki ta sa a rubuta haihuwa a ranarta, kuma kada wadda ta matsar da kwanan ɗanta don ya hau kan ɗan wata. Ni da Hawa'u mun riga mun gama magana. Ranar da za a buɗe lakwal, tare za mu je mu gaida sabon mushe, mu yi masa barka da zuwa, mu faɗa masa cikin ladabi cewa a filin nan ba a haɗa yaro da yaro sai an auna. In ya ce a'a, za mu koma washegari.