Valdelice da Fatari Bakwai

Duk wanda ya taɓa sauka daga bas a dandalin unguwarmu ta Liberdade, a nan jihar Bahia, ya san Valdelice, ko bai san sunanta ba hancinsa ya san ta. Ita ce mai ƙosan nan da ke zaune gindin katangar coci cikin fararen kaya, ɗankwali kamar an kifa mata kabewa, manja na tafasa a gabanta. Taubashiyata ce, 'yar kawuna, don haka ina da izinin faɗin abin da ko Fada, limamin coci, ba zai iya faɗa ba.

Shekarunta sittin da uku, amma ta tsaya a hamsin da biyar ta ƙi motsawa. Shekara ashirin da shida ke nan tana ɗauke da ƙanjamau. Mijinta Osvaldino, ma'aikacin jirgin ruwa, shi ya kawo mata tsarabar, ya mutu ya bar ta da ɗa guda da kaskon suya. A lokacin mutane suka ƙaurace wa ƙosanta. Wata shida ni kaɗai nake ci, daga nan na samo wannan tumbin, har yau kuma ba ta gode mini ba. Da magani ya zo ta kama sha, ba ta taɓa tsallake rana ba. Waɗanda suka riga suka yi mata kukan mutuwa, ta raka rabinsu maƙabarta da ƙafarta.

Bara ne abu ya fara canzawa. In za ta tashi daga kujerarta sai ta dafa katanga, tana yi kamar ƙura take kaɗewa. Ɗanta Genivaldo, direban babbar mota a garin Feira de Santana, ya gani.

Ya ce, "Mainha," haka muke kiran uwa a nan, "ranar da likita ya ce ƙarfinki ya ragu, a ranar za ki naɗe tiren ƙosanki ki dawo wurina."

Ta ce, "In yi me a gidanka? In ƙirga ƙudaje? A nan uwata ta soya, a nan zan soya."

To asibitin da take karɓar magani sun fito da sabon salo. Duk wanda ya haura hamsin sai an auna rauninsa, wai jikin masu wannan cuta yakan riga shekarunsu tsufa. Ana duba nauyi, da ƙarfin damƙa, da saurin tafiya, da tashi daga kujera, a kuma tambaye ka ko kana yawan gajiya. Valdelice ba ta damu ba, don katinta ya nuna nauyinta bai ragu ko da na ƙwayar wake ba.

Ni na san dalili. Mai ƙosai a garinmu ba ta fita sai da buje mai faɗi da fatari mai sitaci a ƙarƙashi, haka take hawa sikeli, ba kuwa mai cewa ta tuɓe. Duk sanda ta ji ta rame sai ta ƙara fatari ɗaya, ta ƙara tsakiya a wuya da awarwaro a hannu. Kafin ƙarshen shekara sai da ta koma shiga ƙofar bas a karkace.

Ranar awon ni da Genivaldo muka raka ta. Rashin sa'arta, ta faɗa hannun wata nas mai suna Marizete, wadda kakarta ma mai ƙosai ce. Ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Dona Valdelice, kakata fatari uku take sawa, huɗu in ana biki. Ke nawa ne a jikinki?"

"Ƙirga mini kaya aka ɗauke ki yi, ko awo?"

"Duka biyun. Shiga bayan labule."

Bakwai! Na rantse da aka tara su a ƙasa sun kai ni ƙugu. Abin da ya fito daga bayan labulen kuwa kamar an fige zakara. Na ce, "Baiwar Allah, ina kika kai taubashiyata?" Ta ce in rufe baki, buhun gari kawai. Sikeli ya ce kilo shida sun tafi.

Aka ba ta ƙarfen damƙa. Hannun da ya shekara arba'in yana buga ƙullu da muciya! Ta matse shi har Marizete ta ce a yi haƙuri, kayan gwamnati ne. Tafiya kuwa sau uku ana sakewa, don duk taku biyu sai ta tsaya gaisawa da wani a baranda. Da aka tambaye ta gajiya ta ce ni kaɗai ne ke gajiyar da ita.

Sai kujera. Aka ce ta rungume hannu a ƙirji, ta tashi ta zauna sau biyar ba dafawa. Ɗaya. Biyu. A na uku gwiwa ta yi rawa, ta koma ta zauna. Ta sake yunƙurawa, shiru. Genivaldo ya ce a hankali, "Mainha, kin gani."

Likitar da ta duba takardar ta tambayi Genivaldo me uwarsa za ta riƙa yi a gidansa. Ya ce hutawa, ko cokali ba za ta ɗaga ba. Likita ta ce to nan da shekara sai ya saya mata keken guragu. Ta ce raunin ya fara shiga, amma bai yi nisan da ba zai juyo ba. Hannu lafiya lau, ƙafafu ne suka mutu da zama, ciki kuma ba ya samun abinci, don mai suya ƙamshi ke ƙosar da ita. A bar mata tirenta, da sharaɗi: ta ci wake da kifi da ƙwai sau uku a rana, kuma duk mai saye ta miƙe tsaye ta miƙa masa. A dawo bayan wata uku, da fatari ɗaya.

Yanzu in ka je dandali za ka ga mai ƙosai ɗaya tak a duk Bahia da ke miƙewa don girmama masu saye, tana miƙewa tana zaginsu. Genivaldo ya koma Feira shi kaɗai. Ni kuwa saboda ƙaunar lafiyarta nake sayen ƙosai biyar, amma ɗaya bayan ɗaya. Jiya a na biyar ta tashi ba ta dafa katanga ba, ta kwaɗa mini muciya a ka.