Kabar rijiya

Har yau in na tuna da tsiron nan sai raina ya ɓaci, ga shi kuwa na tsufa, haƙora ma sun fara guduna.

A ƙauyenmu, kusa da Badagishiri, akwai wata tsohuwar rijiya da kakanni sunka gina da duwatsu. In ka leƙa, can ƙasa inda rana ba ta kai sosai, za ka ga wani ɗan tsiro ya fito daga tsagar dutse. Ganyensa a baje yake kamar kabar goriba, amma duka-duka bai wuce tafin hannun jariri ba. Mu dai kabar rijiya muke ce mata. Awaki ba su kai gare ta, masu magani ba su nemanta, babu wanda ya damu da ita sai ni.

Lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar firamare, ta Tsarnawa, cikin shekarun nan na fari da ƙarancin ruwa. A makarantar horon malamai an koya muna cewa akwai tsirran da ba su fure, ba su 'ya'ya. Irinsu wani gari ne mai laushi, ja-ja baƙi-baƙi, da ke fitowa a bayan ganye, iska ta kwashe shi ta kai inda ke da laima. Malaminmu ya nuna muna zanen wani dangi daga cikinsu, ƙaramin dangi, 'yan gidan ba su cika yatsun hannu biyu ba, duk a ƙasashen zafi suke. Ina ganin zanen na ce, kai, wannan ai kabar rijiyarmu ce! Ya ce to wace daga ciki? Ba a rarrabe su sai an ga dogon ganyen da ke ɗauke da garin, an duba tsawonsa da yadda ya tsage. Tun ranar nake son in ga ganyen nan da idona.

Ina gida hutu sai ga labari, wai za a zuba wa rijiyar siminti don kada ta rufta. Ban ce ba a kyauta ba, mutane na shan wahalar ruwa. Amma siminti in ya shafe tsagar dutse, kabar rijiya ta tafi ke nan, kuma na bi rijiyoyi har Bazaga ban ga irinta ba. Na roƙi maginin rijiya ya sauka da igiya ya ɓamɓaro mini gindi guda tare da ƙasarsa. Ya yi ta dariya, amma ya ciro. Na dasa ta a fasasshiyar tukunya, na aje gindin randa. Niyyata in jira garin ya nuna, in barbaɗa shi a duwatsu masu laima, in kuma san ko wace ce cikin danginta.

Hutu ya ƙare, dole in koma Tsarnawa, tsiron kuwa ba ya jure tafiyar mota. Sai na bar wa mahaifina. Manomi ne na gaske, ko gero ɗaya ya sunkuya a gonarsa sai ya san dalili. Na zaunar da shi na yi mishi bayani dalla-dalla.

Na ce, "Baba, in ka ga wani gari baƙi-baƙi ya fito a bayan ganye, don Allah kada ka taɓa. Shi ne irinta."

Ya ce, "Mushe," wato malam da Faransanci, don haka yake tsokanata tun da na fara koyarwa, "mi kake faɗi haka? Abin da Allah ya tsirar duk sai ya yi fure kafin ya yi iri. Baƙin gari a jikin shuka kuwa burtuntuna ne. Tun ba a haife ka ba nake yaƙi da shi a dawa."

Na ce, "Wallahi Baba wannan ba ciwo ba ne."

Ya ce, "To, na ji."

Wannan "na ji" ɗin! Shi yake faɗa wa malamin gona, shi yake faɗa wa likita, sannan ya tashi ya yi abin da ya ga dama.

Da na dawo hutu na gaba, rijiya na fara zuwa. An gama aiki, bango sumul tun daga baki har ruwa. Na juya gida da sauri, ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba. Ga tukunya nan gindin randa, an yi mata 'yar rumfa da zana. Tsiron kore shar, amma gajerun ganye kaɗai, ga guntayen kara inda anka yanke dogayen.

Baba ya taso yana murmushi. Ya ce, "Ka ga 'yarka? Saura kaɗan ka rasa ta. Ciwon nan ya kama dogayen ganyen duka, bayansu ya yi baƙi ƙirin. Duk wanda ya fito sai in sa aska in cire, in kai murhu in ƙone don kada ya bazu."

Na ce, "Ka ƙone?"

"Ƙurmus. Ko ɗaya ban bari ba."

Haba! Kaina ya yi zafi, na ji kamar in ɗauki tukunyar in maka da ƙasa. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai innata ta ja hannun rigata, ta ce a hankali, "Ruwan shansa yake raba mata, a wannan fari." To, wa zan yi wa ihu? Na fita bayan gida na yi ta shurin dangar kara har ƙafata ta yi jini.

Na sa rai za ta sake fitar da dogon ganye. Ba ta sake ba. Da bazara ta naɗe ta bushe, kamar yadda take yi a rijiya, amma da ruwa ya sauka ba ta buɗe ba. Ban taɓa sanin ko wace ce cikin danginta ba, ban kuma sake ganin irinta ba.

Baba bai yarda ta mutu ba. Har damina ta wuce yana zuba wa tukunyar ruwa, ya hana kowa ɗauke ta. Ranar da zan koma bakin aiki ya rako ni har bakin hanya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka damu, Mushe. Da ta yi fure zan aiko maka da irin."